Shafi na Sha Huɗu, Layi na Tara

Litinin, 7 ga Agusta, ƙarfe 6 na yamma

Lorna, magatakardar garinmu, ta kira ni da safe wai in zo in taya ta. Masu son a buɗe shagon wiwi a Ostby sun kawo takardun kokensu, shafi ashirin da shida, a cikin kwalin takalmi. Tun da jiha ta halatta abin ta bar wa kowane gari zaɓinsa, majalisarmu ta ce ba dai a nan ba. To su kuma yanzu suna so a fitar da maganar daga hannun mutum bakwai na majalisar a kai ta gaban akwatin zaɓe a watan Nuwamba, kowa ya faɗi nasa ra'ayin. Suna bukatar sa hannun mutum ɗari biyu da sha biyu masu rajistar zaɓe a garin nan. Aikina in bi suna-suna in gwada da rajista. Duk wanda adireshinsa bai zo daidai ba, in ɗora rula in ja masa jan layi.

Na ce, "Lorna, kin san dai allon A'A ne kafe a ƙofar gidana."

Ta ce, "Shi ya sa na kira ki, baiwar Allah. In ke kika ce sun cika, ko Dot ba ta da bakin musu."

Dot ƙanwar marigayi mijina Arvid ce, ita ke jagorantar kwamitin A'A na coci, ita kuma ta kafa allon a ciyawata ba tare da ta tambaye ni ba. Ban cire ba.

Na gama shafi takwas. Mutanen yanzu ba su iya rubutu ba. Wani ya sa hannu sau biyu da biro kala biyu, shi a dole ga mai wayo.

Talata, 8 ga Agusta, ƙarfe 12 da rabi na rana

Shafi na sha huɗu, layi na tara.

Talata, ƙarfe 5 na yamma

Na ce wa Lorna kaina ke ciwo, na dawo gida. Ba ƙarya na yi ba sosai.

Tobin Hietala. Kafin in karanta sunan na riga na gane hannun. Har yanzu yana jan kan harafin farko ya rufe sunan gaba ɗaya kamar rumfa. A teburin kicin ɗin nan na koya masa rubutu, na yi faɗa a kan wannan jan har na gaji na ƙyale shi. Lamba 41, Titin Cannery, hawa na biyu. Ya sa hannu ranar 22 ga Yuli.

Shekara takwas ina zaton ɗana yana can yamma wajen rijiyoyin mai, don haka wani ya ce wani ya faɗa masa. Kowane sanyi sai in duba yanayin can a talabijin in ce ko yana da rigar kirki. Ashe yana Titin Cannery. Minti shida ne a mota daga nan, in fitilar gada ba ta tsayar da mutum ba.

Tun yaushe? A ina yake sayen madara? Shago biyu ne kacal a garin nan.

Laraba, 9 ga Agusta, ƙarfe 7 na yamma

Na buɗe rajista. Har yanzu a can yana lamba 18, Titin Quarry. Gidana. Bai taɓa canzawa ba. Abin da ya rubuta a takardar koke daban, abin da ke rajista daban, kuma na san abin da doka ta ce, na ja wa mutum goma sha ɗaya layi a kan haka tun Litinin ba tare da na ji komai ba.

Na tsallake layin na ci gaba. Da na kai ƙarshen shafi na dawo kansa. Na sake tsallakewa. Lorna ba makauniya ba ce. Ta zo ta tsaya a bayana da kofin kofi.

"Ba ni shafin nan, Marlys, ni zan yi."

"Me ya samu hannuna?"

"Ba abin da ya same shi. Rawa kawai yake yi."

"Kin san ya dawo?"

Ta kurɓi kofi maimakon amsa, na gane ta sani. Ina jin duk garin nan ya sani, daga mai gidan mai har fasto, ana ta gaishe ni a coci ana tambayar ya tumatir ɗina.

Na saka shafin a ƙarƙashin sauran na ce sai gobe.

Alhamis, 10 ga Agusta, ƙarfe 6 na safe

Da na bar shi, wa zai sani? Dot za ta sani. Kwamitinsu na da ikon duba takardun, kuma sunan nan shi za ta fara nema.

Ba don Dot ba ne. Ni ce dai. Haka Allah ya yi ni, ban iya ganin layi a karkace in wuce ba. Arvid yakan ce da ni ce mai tsaron ƙofar sama, sai na mayar da shi gida ya ɗauko katinsa. Lokacin dariya nake yi.

Alhamis, ƙarfe 1 na rana

Na ja. Layin ya fita sumul, ko rawa bai yi ba.

Juma'a, 11 ga Agusta, ƙarfe 6 na yamma

Mun gama. Ɗari biyu da sha tara masu kyau, sun wuce da bakwai. Maganar za ta hau takardar zaɓe. Wato da na bar nasa da na ja, duk ɗaya. Na soke sunan ɗana a banza.

Ka'ida ce a aika wa wanda aka soke takardar canjin adireshi, don kada ranar zaɓe ya samu matsala. Lorna ta ce injin zai buga ambulan. Na ce nasa ni zan rubuta da hannu. Na ɗauki 'yar takarda don in manna a ciki, na zauna da ita kusan awa ɗaya. Na rubuta "Ɗana" na yaga. Na rubuta "Na ga sunanka" na yaga. Abin da ya tafi a ƙarshe shi ne: "A cike layi na uku da na bakwai, a sa hannu a ƙasa."

Allah ya kyauta. Uwa kenan.

Lahadi, 13 ga Agusta, ƙarfe 4 na yamma

Bayan coci na bi ta gada. Wai ina neman inda ake sayar da masara. Babu mai sayar da masara a Titin Cannery, ban taɓa jin an yi ba. Gidan bulo ne ja, ƙasa shagon gyaran keke da aka rufe. Tagar sama da labule mai ruwan toka. Ban tsaya ba.

Laraba, 16 ga Agusta, ƙarfe 11 na safe

Ba komai a akwatin wasiƙa na ofis.

Juma'a, 18 ga Agusta, ƙarfe 11 na safe

Ba komai. Lorna ta ce aikin ya ƙare ai, me nake zuwa yi kullum. Na ce tsirranta na taga nake ba ruwa. Ta ce na roba ne.

Talata, 22 ga Agusta, ƙarfe 3 na rana

Ta dawo. Ya cike layi na uku da na bakwai, ya sa hannu a ƙasa. Na juya takardar, na leƙa cikin ambulan, na ɗaga ta a hasken taga kamar mai duba jabun kuɗi. Bai ƙara ko ɗigo ba. Halin uwarsa ya ɗauko.

Na ce wa Lorna ni zan shigar. Na zauna gaban kwamfuta na goge 18 Quarry na buga 41 Cannery. Na danna. Sai allon ya ce: an mayar da mai zaɓe daga mazaɓa ta ɗaya zuwa mazaɓa ta uku.

Ni da na yi shekara sha tara ina aikin zaɓe, na san kowane titi da mazaɓarsa kamar ɗakin kwanana, ko sau ɗaya ban tuna Cannery hayin kogi take ba.

Teburina a mazaɓa ta ɗaya yake, a zauren makarantar firamare, sunayen dangi masu haruffan farko har zuwa K. Kowane zaɓe littafin na gabana, sunana, ƙarƙashinsa nasa. Shekara takwas ina buɗe shafin nan da safe in ɗora yatsa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma shi ya sa ban taɓa fashin zaɓe ba, ko na hukumar ruwa da mutum arba'in ke zuwa. Ina cewa wata rana ƙofa za ta buɗe, dole ya tsaya a gabana, don ba wani teburin da zai je. Bana ga shi a gari, ga maganar da zai fito dominta ko ana ruwan ƙanƙara. Ni kuma da yatsuna na ɗauke shi na kai wa wani.

Laraba, 23 ga Agusta, ƙarfe 8 na safe

Yanzu a takarda ma ni kaɗai ce a gidan nan.

Lahadi, 10 ga Satumba, ƙarfe 5 na yamma

Tumatir ya yi yawa. Na cika kwalba ashirin da huɗu, ban san wa zai ci ba. Minti shida.

Laraba, 20 ga Satumba, ƙarfe 2 na rana

Na je wajen Gus Lindqvist. Shi ke riƙe da teburin haruffan farko a mazaɓa ta uku, a gidan 'yan kwana-kwana, tun kafin a haifi rabin masu zaɓen. Na same shi yana fentin jirginsa. Na kai masa kek ɗin tuffa.

"Marlys Hietala da kek a hannu. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, tsoho. Musaya nake so. Ka zauna a makaranta, in zauna a wajenka."

"A makaranta? Kan kujerun yaran nan? Gwiwar wa? Kuma kofin wajenku ruwan wanke tukunya ne, kowa ya sani."

"Zan kawo maka matashi."

"Me ke wajena da kike so haka?"

Na ce sauyin iska. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ci gaba da fenti. Ya ce zai yi tunani, amma kek ɗin ba ya komawa.

Asabar, 14 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

An yi taron muhawara da rana a zauren babbar makaranta. Na zauna a baya kusa da ƙofa don in ga mai shiga. Wuyana har yanzu ciwo yake yi.

Bai zo ba.

Masu E sun ce garin gaba na kwasar harajin da ya kamata ya gyara mana tituna, kuma duk mai so yana tuƙi ya sayo ya dawo. Masu A'A sun ce yara, sun ce wari, sun ce baƙin fuska. Duk na taɓa ji. Sai Dot ta karɓi abin magana da jar rigarta ta coci. Ta ce akwai iyaye a garin nan da suka san abin da ya dace, da abin ya shigo gidansu ba su rufa ba. Ta ce, "Ku tambayi matar yayana, ga ta can baya. Ita ta kira wa ɗanta 'yan sanda da kanta."

Duk zauren ya juyo yana kallona. Wasu ma tafi suka fara, Allah ya shirye su.

Ban san yadda na kai wajen mota ba. Ban tashe ta ba, na zauna kawai. Ranar da na kira su, na zaci za su zo ne su tsorata shi a ƙofar gareji su tafi. Haka aka ce mini ana yi. Shekararsa ashirin, saura sati uku ya fara koyon aikin lantarki. Ba zan rubuta sauran ba. Wata biyar dai aka ba shi a gidan yari, kuma ranar da ya fito ba gidan nan ya nufa ba. Yanzu abin nan za a sa shi a kwalba mai kyau a ba mutum rasit.

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Renata Sobczak ce, nas ɗin da ta jagoranci tara sa hannun. Na zaci faɗa ta kawo. Ta sunkuyo ta ce, "Anti, ba na son shiga abin da ba nawa ba. Tun Afrilu ya dawo. Yana gyaran injin jirage a bakin tafki. Lafiyarsa ƙalau." Sai ta ƙara da cewa, "Ya ɗan yi ƙiba."

Na ce na gode. Ban iya tambayarta ko yana maganata ba.

Ya ɗan yi ƙiba. Tun ɗazu nake ƙoƙarin sa wa fuskar da na sani kumatu, ta ƙi zama.

Lahadi, 15 ga Oktoba, ƙarfe 9 na safe

Na tuge allon na kai shi ƙofar Dot na jingina. Ta fito da rigar barci.

"Marlys, yabonki fa na yi."

"Na ji. Kada ki ƙara."

"To kin koma wajen 'yan hayaƙi kenan?"

"Ban koma wajen kowa ba. Ciyawata nake so ta huta."

Ban je coci ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Gus ya bugo. Ya ce yana zauren ranar Asabar. Ya ce matashi biyu yake so, ɗaya na zama ɗaya na baya, kuma in kawo masa kofi daga gida. Lorna ta gyara jadawalin ba tambaya.

Litinin, 30 ga Oktoba, ƙarfe 12 na rana

Tunda ba a mazaɓata zan wuni ba, na jefa ƙuri'ata yau a ofis. Tambaya ɗaya, gurbi biyu, E ko A'A, na yi minti ashirin a tsaye. Lorna ta leƙo ta ce ko in kawo miki kujera. Abin da na zaɓa ba zan rubuta ba, ko a nan.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 7 na safe

In shi ma ya jefa tasa tun da wuri fa? In ya gan ni daga ƙofa ya juya fa?

Ina kewar yaron nan. Ban san wata hanyar faɗa ba. Ina kewar yadda yake cin abinci a tsaye gaban firij.

Litinin, 6 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na yamma

Na goge riga uku. Na je an gyara mini gashi. Mai gyaran ta ce biki zan je ne.

Talata, 7 ga Nuwamba, ƙarfe 1 na rana, hutun abinci

Sunansa na littafin, gurbin babu komai. Bai jefa ba tukuna. Gus ya yi gaskiya, kofin nan ya fi namu. Mutane sun fito sosai, har waɗanda ban taɓa gani a layi ba. Duk buɗewar ƙofa sai in ɗaga kai. Na ba wata mata takardar da ba tata ba, abin da ban taɓa yi ba. Renata ce ke zaune a matsayin mai sa ido na masu E, ta yi kamar ba ta gani ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na safe

Jiya ban iya rubutu ba. Bari in bi a hankali.

Huɗu da kwata ya shigo, da kayan aiki, hannunsa duk baƙin mai. Renata ta yi gaskiya. Akwai gemu kuma, ba ta faɗa mini wannan ba. Tafiyar Arvid ce sak, kafaɗa ɗaya ƙasa. Mutum biyar ne a gabansa. Ya gan ni tun daga ƙofa, na ga lokacin da ya gan ni. Ya tsaya. Ya dubi ɗaya teburin, amma nasa harafin a wajena yake. Na sallami mutum biyar ɗin ban san me na ce musu ba, ina jira in ɗaga kai in ga ba kowa.

Na ɗaga kai, yana nan.

Ka'ida ita ce a tambayi kowa sunansa da adireshinsa da baki, ko da kai ka haife shi. Na tambayi Arvid haka shekara goma sha ɗaya yana mini dariya. Duk abin da na shirya tun Agusta ya gudu. Abin da ya rage a bakina shi ne na aiki.

"Suna da adireshi?"

"Tobin Hietala." Muryar ta yi kauri. "Arba'in da ɗaya, Titin Cannery, hawa na biyu."

Na juya masa littafin, ya sa hannu. Na miƙa takarda, ya karɓa ta gefe, yatsunmu ba su haɗu ba. Ya shiga lungun da ake cikewa, ko minti ɗaya bai yi ba ya fito ya zura ta a inji. Na ce a raina shi kenan. Na ce ya zo, na gan shi, lafiyarsa ƙalau, in gode wa Allah in ci gaba da layi. Wani dattijo na gabana yana faɗin sunansa.

Hanyar fita ta bayan teburina take. Ya zo wucewa ya rage tafiya, bai dube ni ba, allon sanarwa yake kallo.

"Mama, ƙararrawar gidan ba ta aiki. Sai an ƙwanƙwasa da ƙarfi."

Ya fita. Dattijon ya maimaita sunansa sau uku.

Laraba, ƙarfe 10 na safe

E ta ci da ƙuri'a hamsin da uku. Dot ta bugo sau biyu, ban ɗaga ba. Lorna ta bugo, ta ce, "To?" Na ce to me. Ta ce, "Marlys, kada ki sa in zo in tuƙa ki da kaina."

Bai ce in zo ba. Maganar ƙararrawa kawai ya yi. Na yi ta juya ta tun jiya. Mutum na iya faɗin haka wa mai kai wasiƙa.

Ba ya ce wa mai kai wasiƙa Mama.

Laraba, ƙarfe 5 da rabi na yamma

A mota nake rubuta wannan, a Titin Cannery, littafin kan sitiyari. Fitilar sama a kunne take, an ɗage labulen gefe ɗaya. Ban kawo komai ba. Na ɗauki abinci na mayar, kada ya zama shi ne zai yi mini magana. Abu ɗaya zan faɗa, kalma biyu ne na neman gafara, shekara takwas ina bin gefensu. Ban san ko zai karɓa ba, kuma ba dole ba ne ya karɓa.

Ban san ko hannuna zai yi ƙarfin da ƙofar ke bukata ba. In bai ji ba, zan sake.